Latti da Tsohuwar Kwamfutar Auta

A layinsu ba wanda ya san shi da wani suna sai Latti, kuma ba don yana makara ba. Mutum ne da in kuka yi alƙawarin safe, kana banɗaki za ka ji sallamarsa a ƙofar gida. Sana'a ce ta jawo masa sunan. Duk wadda ya kama, sai ya tarar ta riga ta fara haɗa kayanta za ta tafi.

Da gyaran agogo ya fara. Ya yi shekaru a gaban wani tsoho mai faɗan tsiya, yana koyon yadda ake buɗe cikin agogo ba tare da numfashi ya watsar da ƙananan kusoshi ba. Yana kafa nasa teburin a bakin tasha, agogunan roba suka cika kasuwa, irin waɗanda in sun tsaya sai a jefar a sayi wani. Ya koma gyaran tafireta. Ya ƙware har yana gane ciwonta daga ƙararta tun daga bakin ƙofa, sai ofisoshi suka fara kwashe su suna zubawa a sito. Ya buɗe shagon ɗaukar waƙa a kaset, kaset ya mutu a hannunsa. Ya koyi wankin hoto, mutane suka koma ɗauka da waya. A ƙarshe ya haƙura ya zama mai tsaron kaya a wani shagon siminti da rodi, a nan ya zauna har ƙarfinsa ya ja baya, 'ya'yansa suka ce ya isa haka.

Amininsa mai aski, wanda shagonsa ke bakin layi, shi ne ya raɗa masa sunan, kuma bai taɓa gajiya da tsokanarsa ba. "Mutumina, don Allah ranar da za ka koyi aski ka gaya mini da wuri," in ji shi. "In nemi wata hanyar abinci tun kafin gashi ya daina fitowa a kan mutane."

Latti ba ya fushi da wannan. Abu ɗaya ne ba ya ƙauna a rayuwarsa, a ce abu ya tsufa a jefar da shi. Ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, wanda a da ɗakin autarsa ne, ya mai da shi wurin hutun duk sana'o'in da suka rasu a hannunsa. Akwai gwangwanayen kayan agogo jere a kan kanta, tafireta biyu lulluɓe da tsohon zanen gado, kwalayen kaset har kusa da rufi. A tsakiyarsu, kan teburin karatun Auta, kwamfutarta ke zaune: ƙaton akwati mai ruwan toka a ƙarƙashin tebur, allo a sama, da 'yar kyamara maƙale a goshinsa. Da ita Auta ta yi karatu, da ta samu aiki a wani gari ta yi aure a can, sai ta bar ta.

Latti ya koyi kwamfutar shi kaɗai, da yatsu biyu masu ƙarfin bugun tafireta, har madannan suna kuka a hannunsa. Ya zuba mata hotunan iyali da waƙoƙin da ya ceto daga kaset. Da ita suke gaisawa da Auta da jikarsu ido da ido duk ƙarshen mako. Amma abin da ya fi riƙe shi a gabanta shi ne wasan kartan da ya zo a cikinta. Wasan yana da jerin gwanaye, kuma a can saman jerin akwai wani mai suna Baƙo, da makin da Latti ya yi shekaru yana bi bai ko ga ƙurarsa ba. Abin haushin ma, lokaci-lokaci makin Baƙo ƙaruwa yake yi. Latti ya yanke shawarar cewa masu kamfanin ne suka dasa shi a ciki don su riƙa wulaƙanta masu saye.

Matarsa tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. A bayan idonta yana kiranta Mai Shari'a, domin ita ba ta ba da shawara, hukunci take yankewa, kuma babu ɗaukaka ƙara. Kowace safiya sai ta ɗora shi a kan ma'aunin nauyi da ke bakin banɗaki, ta leƙa lambar, sannan ta yanke yawan sukarin da zai shiga shayinsa. Game da karta kuwa, hukuncinta ya daɗe da fita. "Malam, da furfurarka da komai kana zaune kana jera takardun ƙarya a gilashi. Ko yara sun fi ka abin yi."

Kwamfutar ta fara ciwo a hankali. Da farko wani ɗan saƙo ne yake leƙowa a gefe yana cewa babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, masu yin ta sun daina duba ta. Latti ya riƙa rufe shi kamar mai korar ƙuda. Daga baya shafukan intanet suka fara ƙin buɗewa. Ranar da abin ya kai maƙura ita ce ranar da suka zauna za su gaisa da jika, Mai Shari'a ta ci ado ta gyara ɗauri, manhajar kiran ta ce ita fa ba za ta ƙara aiki da wannan tsohuwa ba. Dole suka koma waya, kawunansu biyu ba su shiga allon ba, jika ta ga hancin kakanta da kunnen kakarta kawai.

"Baba, kwamfutar nan ta gama aikinta," in ji Auta. "Ko masu ita sun yafe ta. Ku bar ta ta huta, ku yi ta amfani da waya kafin in duba muku wata."

"Waɗanne masu ita? Ni ne mai ita."

"Ina nufin kamfanin, Baba."

"Kamfanin ya taɓa zuwa ya goge mata ƙura?"

Auta ta yi dariya ta canja magana. Shi kuwa maganar ta tsaya masa a rai. Sau nawa aka zo aka gaya masa cewa abin da ke gabansa ya gama aiki, alhali yana gani lafiyarsa lau? A da haƙuri yake yi ya naɗe tabarmarsa ya koma gaba. Wannan karon ya ce ba inda za shi.

Ya shiga kasuwa yana tambaya, har ya faɗa wurin wata mai gyaran waya da ta saurare shi ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai sabuwar babbar manhaja marar nauyi, wadda tsofaffin kwamfutoci ke iya ɗauka, kuma kyauta ce. Ta zuba masa ita a filash, ɗan abin adana bayanai da ake sokawa a jikin kwamfuta. Ta ja kunnensa da abu ɗaya: kafin ya taɓa komai, ya kwashe duk abin da yake so ya adana a wani wuri, domin sabuwar in ta shigo share gida take yi tas. Ta ce in ya kawo akwatin za ta sa masa. Ya yi godiya ya ce a'a. Mutumin da ya buɗe cikin agogon hannu na mata, ba akwati kamar kwalin sabulu ne zai gagare shi ba.

Ya yi yadda ta ce. Ya kwashe hotuna da waƙoƙi zuwa wani filash, ya duba ya sake dubawa. Sannan ya leƙa kicin.

"Ranki ya daɗe, akwai wani abu naki a kwamfutar nan? Za a share ta."

Ta ɗan tsaya da yankan albasa, sannan ta ci gaba. "Ni? Me zan ajiye a wannan akwatin shirmen?"

Washegari da hantsi mai aski ya rufe shagonsa ya zo, ba tare da an gayyace shi ba. Ya ce ba zai yarda a yi wannan abin tarihi babu shaida ba. Ya jawo kwalin kaset ya zauna. Latti ya sa tabarau, ya ɗora wayarsa a gefe da bayanin yadda ake yi, ya soka filash, ya yi bisimilla ya kunna.

Kwamfutar ta tashi kamar kullum, da tsohuwar fuskarta, ko kallon filash ɗin ba ta yi ba. Ya kashe ya kunna. Haka. Bayanin ya ce da an kunna a danna wani maɓalli da sauri, don a shiga wurin da ake gaya mata daga ina za ta fara karatu. Amma bayanin ya lissafo maɓallai da yawa, ya ce ya danganta da irin kwamfutar. Ita kuma kwamfutar tana rubuta sunan nata maɓallin a ƙasan allo, sai dai kafin Latti ya daidaita tabarau rubutun ya ɓace. Ya gwada wannan, ya gwada wancan. Kowane gwaji sai an jira tsohuwar ta gama tashi, ta yi miƙa, sannan a sake kashe ta.

"Matsa ka gani," in ji mai aski. Ana kunnawa ya shimfiɗa tafin hannayensa biyu a kan layin sama na madannan gaba ɗaya, ya danne. Kwamfutar ta tsala wata ƙara kamar an taka ɗan kyanwa. Mai Shari'a ta leƙo daga falo ta tambaya ko a kira motar asibiti. Sai ga wani shuɗin allo da ba su taɓa gani ba, cike da Turanci mai sanyi.

"Wanne ne ya yi aikin?" Latti ya tambaya.

"Ina ruwanka? In kai ya ƙi tsayawa, riƙe shi ake yi gaba ɗaya."

A shuɗin allon linzamin kwamfuta ba ya aiki, sai kibiyoyi. Latti ya lallaɓa ya sa filash a gaba, ya fita. Sabuwar manhajar ta bayyana, da fara'arta da launinta, ta yi musu maraba. Ta tambayi harshe, ta tambayi yanki, sannan ta tsaya cak ta ce kwanan watan kwamfutar ba daidai ba ne. Suka duba. A lissafin tsohuwar, har yanzu ana shekarar da aka ƙera ta, Auta ba ta ma gama sakandare ba.

"Ka ga mai hankali," in ji mai aski. "Ta samu shekarar da ta yi mata daɗi ta zauna abinta."

Latti ya gyara kwanan wata. Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Da ta dawo, kwamfutar ta koma shekararta, kuma ta manta da duk abin da aka gaya mata a shuɗin allo. Mai aski ya sake shimfiɗa hannu, aka sake ƙara, aka sake gyara. Da Latti ya zare wayar wuta don ya canja soket, ta sake mantawa. A nan ne ya cire tabarau. Wannan ciwon ya san shi. Agogon da ke manta lokaci da zarar an ɗauke masa wuta, ba aljani ne ya shige shi ba, batirinsa ne ya mutu. Kenan akwai agogo a cikin akwatin nan, kuma duk shekarun nan yana zaune da shi ɗaki ɗaya ba su gaisa ba.

Ya ɗauko sukudireba ya kwance murfin gefe. Ƙurar da ke ciki ta yi kauri kamar bargo. A kusurwa suka tarar da busasshiyar tsaka, kwance a miƙe, da alama ta daɗe da cikawa. Mai aski ya cire hula ya ce Allah sarki, a bakin aiki ta rasu. Latti ya share da burushin aski da ya ƙwace daga aljihun amininsa. Can a tsakiyar koren faranti ya hango shi: ɗan batir mai faɗi, mai sheƙi kamar kwabo. Wani daɗi ya ratsa shi, irin na wanda ya je baƙon gari ya ji ana yarensu a kasuwa.

Ya zazzage gwangwanayensa. Batura irin wannan suna da yawa, sai dai dukkansu sun riga wanda ke ciki mutuwa. Ya zauna yana tunanin inda ya taɓa ganin mai rai a gidan. Sannan ya tashi a hankali, ya bi ta bayan falo zuwa bakin banɗaki, ya kifar da ma'aunin nauyi, ya zare batirinsa, ya mayar da mataccen a gurbin. Kwamfuta ta dawo zamaninmu. Da safe kuma Mai Shari'a ta ɗora shi a ma'auni, ma'auni ya yi gum. Ta bubbuga shi da ƙafa, ta dubi mijinta, mijinta ya dubi rufi. Ranar dai shari'a ba ta zauna ba saboda rashin shaida, ya sha shayinsa yadda yake so.

Ya ɗauka an gama da wahala, ashe gaisuwa aka yi. Manhajar ta tambaye shi ko ya yarda a share komai, ya danna ya yarda. Wani ɗan layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama. Ya yi nisa kaɗan, sai kwamfutar ta mutu ɗif. Ya sake, ta sake mutuwa kusan a wuri ɗaya. Yanzu kuma babu tsohuwar manhaja, an share ta, sabuwar ba ta gama shiga ba. In ya zare filash ya kunna, baƙin allo ne kawai da wani ɗan farin ɗigo yana ƙifta masa ido.

Ranar Latti bai ci abincin kirki ba. Ya zauna a gaban baƙin allon har la'asar, yana jin muryar Auta a kansa tana cewa a bar ta ta huta. Da ya bar ta, da yanzu tana nan da ranta, ko ba komai tana buga waƙa. Shi da hannunsa ya ƙarasa ta. Ya fara tunanin ko dai mai aski gaskiya yake faɗa da wasa, hannunsa ne ke da abin.

Da ya sa hannu zai mayar da murfi, yatsansa ya taɓa wani ƙarfe mai haƙora, ya janye da sauri. Zafi kamar dutsen guga. 'Yar fankar da ke kansa ba ta juyawa, rawar sanyi kawai take yi a wuri ɗaya. Ya kwance ta, ya ɓare takardar bayanta, ya ɗiga mata man agogo da bakin allura. Ta fara juyawa, amma da tari. Don kada a yi biyu babu, ya je falo ya ɗauko babbar fankar tsaye daga gaban Mai Shari'a, tana zaune tana kallon talabijin, ya kafa ta a bakin buɗaɗɗen akwatin.

"Malam, ni da akwatin nan wa ka auro?"

"Ke ai kina da mafici, ranki ya daɗe. Ita ba ta da hannu."

Ta ce za ta tuna masa wannan maganar ranar da ya kwanta zazzaɓi.

Layin ya tafi, ya wuce inda yake mutuwa, ya tsaya ya daɗe har Latti ya fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, sannan ya ƙarasa. Kwamfutar ta kashe kanta ta tashi da sabuwar fuska. Latti ya aika a kira mai aski. Ya zo da tawul a kafaɗa, ya bar wani da rabin kai a kujera.

Sai dai sabuwar fuskar kumburarriya ce. Haruffa manya-manya kamar na allon talla, kalma uku sun cika allo. Sauti babu, ko tari. Intanet babu, manhajar ta ce ba ta san na'urar kama intanet da ke cikin akwatin ba, ba su taɓa haɗuwa ba. Ta ba da shawara cikin ladabi cewa a shiga intanet a sauko da abin da zai gyara matsalar.

"Ban gane ba," in ji mai aski.

"Cewa take maganin yana cikin ɗaki, ɗakin a kulle, mabuɗin kuma yana ciki tare da maganin."

"To wallahi wannan ta yi aikin gwamnati." Ya koma wurin mai rabin kai.

Latti ya yi kwanaki yana zagaye wannan ƙofa. Bai kira Auta ba, kuma ba zai koma wurin mai gyaran waya da akwati a ka ba bayan cika bakin da ya yi. Da ƙarshen mako ya zo Auta ta kira, ya ce mata komai lafiya, 'yan gyare-gyare ne suka rage. Mai Shari'a ta karɓe wayar.

"Ƙarya yake yi miki. Ya farke cikin kwamfutarki, ya sace batirin ma'aunina, ya ƙwace mini fanka, yanzu ga ta can kurma ce kuma ba ta san kowa ba."

Latti ya jira dariya da faɗa. Dariyar ta zo, amma gajeriya. "Baba, da kanka ka sa sabuwar manhaja? Har ta tashi?"

"Ta tashi."

"Batirin fa, wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya mini? Agogo ne."

Auta ce a cikin 'ya'yansa take zama kusa da shi tana ƙarama, tana riƙe masa murfin agogo a tafin hannu, tana ɗauke numfashi don kada kusoshi su tashi. Ta ce ya juya kyamarar wayar ta gani. Ya nuna mata cikin akwatin, da fankar da ya yi wa mai, da inda aka samu marigayiya tsaka. Ta ce ya nemo wayar caji ya haɗa wayarsa da kwamfutar, wayar za ta ara mata intanet. Ya ce dama ana haka? Ta ce ana yi. Suka koma kan wayar uwar, Auta tana faɗa yana dannawa, tana cewa "ba nan ba, Baba, na ƙasa," yana cewa "ai nan na danna," alhali ba nan ya danna ba. Mijin Auta ya leƙo ya gaishe da surukai ya koma, abinci ya huce a can da nan. Kwamfutar ta yi ta sauko da abubuwa. Da aka sake kunna ta, haruffa suka saɓe suka dawo girman mutane, intanet ya kama da kansa, lasifikar hagu ta yi gyaran murya ta fara waƙa. Ta dama har yau ba ta ce uffan ba. Latti ya ce dama can ita ba mai yawan magana ba ce.

Ya mayar da hotuna da waƙoƙi, ba abin da ya ɓace. Wasan karta ne kawai babu, ya tafi da tsohuwar manhaja. Latti ya ɗan ji ba daɗi, amma da ya tuna Baƙo ma ya tafi da makinsa, sai ya ji sanyi a ransa. Duk wanda ya dasa shi, yau dai an tumɓuke shi.

Abin da bai gane ba shi ne sauyin da ya ga a gida. Mai Shari'a ta daina yanke hukunci. Ta sayo wa ma'auni sabon batir amma ba ta ɗora shi a kai ba. Ya zuba sukari a gabanta da gangan, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wannan shirun ya fi faɗanta ba shi tsoro. Ya bincika kansa, ya mayar da fanka falo, ya wanke kofin shayinsa da kansa. Shiru.

Wata ranar da hantsi ya fita zuwa shagon mai aski kamar yadda ya saba, sai ya tuna ya bar tabarau ya dawo. Ya tarar da ita zaune a kujerarsa a ƙaramin ɗaki, hannunta a kan linzami, tana buɗe wannan tana rufe wancan. Riƙon da ta yi wa linzamin ba na baƙuwa ba ne.

Ba ta tashi ba, ba ta kuma juyo ba. "Ina ka kai wasan nan?"

"Wanne?"

"Kada ka raina mini hankali, Malam. Na takardun."

"Ya tafi da tsohuwar. Ke da kika ce shirme ne, me ya..." Ya dafa ƙofa. "Baƙo."

"Ni na san yadda ake canja suna ne? Haka na tarar da shi, haka na bar shi."

Ya jawo kwalin kaset ya zauna. Shekara da shekaru yana fita hira wurin mai aski, ita tana shigowa nan ta ɗora masa maki, ta goge kujera ta koma kicin, ya dawo ta tare shi da wa'azin furfura. Shi kuma ya zauna yana zagin mutanen kamfani da ba su ji ba ba su gani ba.

"Amma na tambaye ki. Na ce akwai abinki a ciki?"

"Sai in ce maka me? In ce Malam a ceto mini kartata?"

Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa inda ya ajiye shi. Dariya ce ta zo, ta ƙi tsayawa har da hawaye. Ita ba ta yi ba. Ta ce makin nan ta fi shekara tana gina na ƙarshen, kuma shi ya rushe shi da yatsa ɗaya, saboda haka hukuncinsa shi ne ya nemo wani wasan kafin azahar. Ya nemo. Ta ce takardun wannan ba su kai na da kyau ba, amma ta zauna. Ya tsaya a bayanta yana kallon yadda take jera su ba ta ko tsayawa tunani, ya ga lallai ba a yi masa maguɗi ba, fin ƙarfi ne. Ya roƙe ta kada mai aski ya ji. Ta ce ba ta yi alƙawari ba. Kafin yamma duk layin ya ji, kuma daga bakinsa ne, don bai iya riƙewa ba.

Murfin gefen akwatin bai koma ba, kusoshinsa sun shige cikin gwangwanayen agogo sun ɓace a cikin 'yan uwansu. Haka take zaune da cikinta a buɗe. Safiya ta Mai Shari'a ce, yamma tasa.

Da ƙarshen mako ya zagayo suka zauna gaisawa da jika a kan babban allo. Kira ya shiga, ga Auta, ga yarinya a cinyarta, tas kamar a taɓa su. Sai yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya tana nuna su da yatsa. Sabuwar manhajar ta karɓi tsohuwar kyamarar, amma a kife take ganinta. A can ɓangaren, kaka da kaka suna rataye daga rufi, kawunansu a ƙasa. Da Auta ta gaya musu, Mai Shari'a ta yi sauri ta dafe ɗankwalinta.

Latti bai tsaya neman bayani ba. Ya ciro kyamarar, ya juya ta ƙafa a sama, ya ɗaure ta a goshin allon da robar ɗaure kaya. Suka miƙe daidai kamar mutanen kirki. Yarinyar ta dube su, ta taɓe baki, ta fashe da kuka. Ita a dawo mata da kakanninta na rufi. Auta ta lallashe ta, uban ya zo da biskit, ba ta saurara ba.

"Malam, kwance robar nan," in ji Mai Shari'a. "Yarinya na kuka kana tsaye."

Ya kwance ya mayar da kyamarar yadda take. Kukan ya tsaya nan take. Haka suke gaisawa har yanzu duk ƙarshen mako, su biyu a rataye, jika tana tambayarsu ko jini bai taru musu a ka ba, Latti yana ce mata sun saba.